Kusurwar Glenys

Ranar da aka yi wa zomon fiɗiya ita ce ranar da Glenys Brophy ta mutu. Da safe ta kai shi asibitin dabbobi cikin kwandonsa, ta biya kanti ta sayo madara, ta dawo ta fita shanya a bayan gida. Can mijinta Athol ya same ta kwance a kan ciyawa, da jiƙaƙƙiyar rigarsa a hannunta. Likitoci suka ce jijiya ce ta fashe mata a ka. Suka ƙara da cewa ba ta ji zafi ba, sai ka ce akwai wanda ya taɓa dawowa ya ba su labari.

Yana zaune a kan benci a asibitin garin, jakarta a cinyarsa, sai wayarta ta yi ƙara a ciki. Ya lalubo ta daga cikin tarkacen mayafi da alewar tari.

"Misis Brophy? Daga asibitin dabbobi ne. Cedric ya farfaɗo, aiki ya yi kyau. Za ki iya zuwa ki ɗauke shi kafin mu tashi."

"Ta rasu," in ji Athol.



"Zan zo," ya ce, ya kashe wayar.

Duk Tenterfield ba wanda bai san ra'ayin Athol Brophy a kan zomaye ba. Shekara talatin da ɗoriya yana koyar da tarihi a sakandaren garin, kuma ba ajin da ya bi ta hannunsa bai ji yadda wannan 'yar dabba ta cinye ƙasar nan ta bar ta tsirara ba. Ba a takarda kaɗai ya san su ba. Ubansa ɗana musu tarko ne sana'arsa. Da fatunsu aka saya wa Athol takalmin makaranta, da namansu aka raine shi, safe da rana da dare, har ya rantse in ya girma ba zai sake kai shi baki ba. Ya ga shekarun da aka saki cuta a cikinsu, suna tangaɗi a kan titi da kumburarrun idanu, motoci na bi ta kansu. Saboda haka ranar da Glenys ta shigo da Cedric, toka-toka, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ta ce na wata mata ce a cocinsu da za ta koma jihar Queensland da ke maƙwabtaka da su, inda doka ta hana kiwon zomo, Athol ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Da albasa za mu yi shi ko da karas?"

"A cikin gida zai zauna," in ji ta. "Sauro na ɗauke da cutar nan, kuma ba a yi mata rigakafi a ƙasar nan."

"Hukuma ta ƙarar da dukiya don ta ga bayansu, ke kuma za ki sa wa tagogi raga ki raya ɗaya."

"Haka ne," ta ce. Ta sa ragar.

Da Cedric ya balaga sai ya fara fesa fitsari a bango, yana hawan silifas ɗin Athol da wata irin soyayya da ba ta san kunya ba. Dalilin fiɗiyar ke nan. Glenys ta ce da zarar ya warke za ta koya masa yin bayan gida a wuri ɗaya. Har ta sayi tiren roba mai zurfi, shuɗi, ta jingine shi a bayan ƙofar kicin. Inda za ta ajiye shi ne ba ta faɗa ba.

Likitar dabbobin, Dokta Marchetti, yarinya ce da ba ta kai 'yarsa ba. Ta ce in yana so za su riƙe zomon har a gama hidimar jana'iza. Athol ya ce shi ba ya barin kayan matarsa a hannun mutane. Sai ta haɗiye ta'aziyyar da ta shirya ta shiga yi masa bayani.

"Zomo ba kare ba ne, Mista Brophy, ba a barinsa da yunwa ko kaɗan. In cikinsa ya tsaya, to, shi ke nan. Dole ya ci wani abu yau. In ya ƙi, ka dama wannan garin ka ɗura masa da sirinji ta gefen baki. Wannan kuma na zafi ne. Kada ya yi tsalle, kada ka bar shi ya tsinke ɗinkin. Sannan ka sa ido a kan kashinsa."

"Kashinsa."

"In ka ga kashi, ciki na aiki. In gari ya waye ba ka gani ba, ka kira ni."

A haka Narelle, 'yarsu tilo, ta same shi da ta iso da magariba daga Warwick, cikin jihar Queensland, inda take zaune da mijinta Craig: durƙushe a ƙasan kicin, zomo naɗe cikin tawul a tsakanin gwiwoyinsa, koren kunu har a hannun rigarsa. Ta tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, idanunta sun kumbura.

"Baba, me kake yi haka?"

"Ina ciyar da marayan uwarki. Riƙe mini kansa."

Ta ajiye makullin ta riƙe.

Da gari ya waye ya bi gidan yana duba ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Babu a kicin, babu a ɗakin wanki. A falo ya gani: 'yan ƙwayoyi ƙanana, busassu, a tare wuri ɗaya, ƙarƙashin kujerar Glenys. Kujera ce mai hannu, koriya, ta koɗe, tana kusurwar da ke tsakanin taga da murhun jin ɗumi. Rigar sanyinta na rataye a bayanta yadda ta bar ta, tabaranta na kan dakalin taga. Athol ya daɗe a sunkuye yana kallon ƙwayoyin nan. Abin da ya ji a ransa sauƙi ne, kuma ya ji haushin kansa da ya ji shi.

Aka yi jana'iza. Fasto ya faɗi abubuwan da ake faɗa, ya kira ta Gladys sau ɗaya ya gyara. Matan coci suka cika firji da kwanonin abinci, kowane da sunan mai shi a gindi don kada alheri ya ɓata. Daga nan mutane suka fara raguwa, yadda ruwan gulbi ke ja da baya, har ya zama saura Athol da zomo.

Tiren ya kai shi ɗakin wanki. A ganinsa masai wurinsa bayan gida, ko na mutum ko na dabba. Ya shimfiɗa jarida, ya zuba ingirici, ya kwaso ƙwayoyin kashin da abin kwasar shara ya zuba a ciki. Cedric ya zo ya shinshina, ya shiga ya ci ingiricin cikin natsuwa kamar baƙon da aka gayyata walima, sannan ya fito, ya bi ta kicin ya wuce falo, ya shige ƙarƙashin koriyar kujera, ya ɗaga wutsiya.

Haka aka yi ta yi. Athol ya goge wurin da ruwan wanki na bilic, yana zura hannu ta ƙarƙashi ba tare da ya gusar da kujerar ba. Warin bai tafi ba, sai dai ya sami aboki. Ya rufe ƙofar falo, Cedric ya wuni yana gaigayar gindin ƙofar, ya ƙi ingirici, ya ƙi ganyen karas, ya takure a gefe. Da yamma ta yi ba a ga kashi ba, Athol ya buɗe ƙofar da zagi a bakinsa.

Bevan Tuckwell, maƙwabcinsa, tsohon mai askin tumaki ne da bayansa ya lanƙwashe tun kafin gashinsa ya yi fari. Yakan leƙo da ƙwai a cikin hula.

"Farfesa! Ashe kana raye." Ya tsaya ya ja hanci. "Kai! Wannan kai ne ko ɗan hayar naka?"

"Ka shigo ka zauna ko ka koma ka yi gulma. Ko da yake kai ka iya haɗa biyun."

"Ka ba ni shi mana. Uwargida Dot na da tukunyar da ta yi daidai da shi. Tunda an kwashe masa kayan aiki ai naman zai yi taushi."

"Kai ma Dot ta daɗe da kwashe naka, ban ga ka yi taushi ba."

Bevan ya yi dariya har da tari. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin kujerar, suka haɗa ido da Cedric.

"Bawan Allah. Kewarta yake yi."

"Ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Wace kewa? Mafitsara ce kawai."

"To, kai ka sani, kai ka yi karatu." Bevan ya juya yana neman wurin zama, ya kai hannu ga hannun koriyar kujera.

"Ba nan ba."

Bai ɗaga murya ba, amma Bevan ya janye hannunsa kamar ya taɓa murhu. Ya ajiye ƙwan a kan tebur, ya ce Dot na jiransa, wanda kuwa duk unguwar ta san Dot ta daina jiransa tun zamanin da.

Narelle takan zo ranar Lahadi. Ma'aikaciyar jinya ce a gidan kula da tsofaffi, kuma tana da irin idon nan da ke auna mutum yana tsaye. Lahadin da ta yi maganar, sai da ta buɗe firji ta ga kwanonin coci ba a taɓa rabinsu ba, ta dubi wandonsa da ya fara yi masa yawa, sannan ta tsaya a tsakiyar falo.

"Baba, gidan nan wari yake."

"Sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Ba wasa nake ba. Tun daga baranda na ji. Kafet ɗin nan ya ruɓe." Ta zauna a hannun doguwar kujera. "Craig ya gama gyara ɗakin da ke bayan gareji. Akwai banɗaki a ciki, akwai abin ɗumama ɗaki. Ba zan bar ka ka yi hunturun nan kai kaɗai ba."

"Cedric fa?"

"Ka san doka. Allon hana zomo na nan a bakin iyakar jihar, ka fi ni sanin abin da aka rubuta a kai."

"Na sani. Har jarida na taɓa rubuta wa cewa mu ma mu kafa irinsa."

"To ka gani. Za mu nemi wanda zai karɓe shi. In ba a samu ba, Dokta Marchetti ta san abin da za ta yi, ba zai ji komai ba."

"Kowa a garin nan ya san abin da ba a ji."

"Baba."

"Ba inda za ni."

Ta murza goshinta da yatsu biyu, yadda uwarta ke yi. "Ba maganar zomo ba ce. Kullum ina ganin irin wannan a wurin aiki. Mutum ya fara zama cikin fitsari bai ji ba, daga nan sai a bar murhu a kunne, daga nan sai faɗuwa a banɗaki a kwana ba wanda ya sani."

"Ina jin warin, Nell. Hancina lafiya lau."

"To wannan ai ya fi muni." Ta miƙe ta ɗauki jakarta. "Ƙarshen wata zan zo da 'yar tirelar kaya a bayan mota. In na tarar da gidan nan haka, zan sa a zo a duba ka. Ka yi fushi da ni in ka ga dama, na saba."

Ya san irin dubawar. Mutane biyu masu taushin murya za su zauna a falonsa su tambaye shi yau wace rana ce, su ce ya zana agogo. Duk amsar da ya bayar mai kaifi za a rubuta ta a matsayin alama. Bayan motarta ta tafi ya tsaya a taga yana kallon itatuwan bakin titi suna zubar da jajayen ganye. Ba za a ce yana son zomon ba. Amma Glenys ta bar abu ɗaya ba ta ƙarasa ba, kuma ba zai tsallaka iyaka ya bar shi a kan teburin likita ba.

Da ya mayar da Cedric a duba ɗinkin, Dokta Marchetti ta kifa shi a hannunta ta ce wuri ya warke sarai. Ta ce feshin bango zai yi ta raguwa da kansa, jiki ba ya mantuwa a rana ɗaya. Ta tambayi labarin tire. Ya gaya mata a taƙaice.

"Ai zomo shi ke zaɓar kusurwarsa," in ji ta. "Yana son bango a bayansa, ɗaki a gabansa. Ba shi ake kai wa wurin tire ba, tiren ake..."

"Kai wa wurinsa. Na sani."

Ya sani tun bai kai tsawon shinge ba. Da asuba ubansa kan tafi da shi gangaren dutse, raɓa ta daskare a kan ciyawa, tarkunan ƙarfe na kaɗawa a kafaɗarsa. Sabon shiga shi ke ɗana tarko a bakin rami. Ubansa wucewa yake ya nemi ɗan tudun nan da zomaye suka mayar juji, inda kashinsu ya taru ya yi fari. Nan yake durƙusawa ya tona, ya binne tarkon, ya rufe da takarda, ya yayyafa ƙasa, ya mayar da ƙwayoyin kashin a kai yadda ya same su. "Zomo kan sake rami," yakan ce, "amma ba ya sake masai." Da wannan sanin aka ciyar da gidansu.

"To me ya hana?" in ji likitar.

"Akwai kujera a wurin."

"Ba ta ɗaguwa ne?"

"Tana ɗaguwa."

Ta dube shi, ta mayar da Cedric cikin kwando a hankali, ta rufe. "Ka daina sa bilic," ta ce. "Ruwan khal, binigar girki, ya fi. Kuma in ka sa tiren, kada ka wanke shi tas da farko. Ka bar masa ɗan warinsa."

Bai yi ba a ranar, bai yi ba washegari. Sai wata safiya da sanyi ya fara cizo, ya sha shayinsa a tsaye, ya ɗauraye kofin, ya shiga falo kamar mai zuwa biyan tara. Ya sauke rigar sanyin ya ninke, bai kai ta hanci ba, ya san abin da zai biyo baya in ya yi haka. Ya sa tabaran a aljihunsa. A tsagar kujerar ya tarar da allurar saƙa ɗaya, da abin ɗaure gashi, da alewar tari da ta manne da takardarta. Ya kama hannuwan kujerar ya ja. Ba ta da nauyin da ya zata. Wannan ma ya ba shi haushi.

Ƙafafunta sun bar rami huɗu a kafet. A tsakaninsu kuwa abin ba kyan gani. Ya ɗauko wuƙa ya yanke wurin gaba ɗaya, ya naɗe ya kai bola, ya durƙusa ya goge katakon da ruwan khal har idanunsa suka yi ruwa. Kujerar ya rasa inda zai kai ta. A zaure ta tare hanya, a ɗakin kwana ba zai iya kwana tana kallonsa ba. A ƙarshe ya tura ta ɗakin baƙi ya rufa mata zanen gado ya ja ƙofa.

Sannan ya ɗana tiren. Ba wata kalmar da ta dace da yadda ya yi shi. Ya matsa shi har cikin kusurwa, ya shimfiɗa jarida, ya tara ingirici a gefe ɗaya don zomo yana ci yana yi ne. Ya ɗauko guntun takardar da ya jiƙa da fitsarin jiya ya tura ƙarƙashi, ya yayyafa ƙwayoyin kashi a sama. Sai da ya gama ya lura yana murza ingirici a tafin hannunsa don ya kashe warin mutum, abin da hannuwan ba su yi ba tun yana ɗan makaranta. Ya koma kujerarsa a ɗaya gefen murhu ya zauna bai motsa ba.

Cedric ya shigo ya tsaya cak. Ya miƙe a kan ƙafafun baya ya dubi inda kujera take a da. Ya buga ƙafa a ƙasa da ƙarfi, ya sake bugawa, ya juya ya fice. Ranar a kan tabarmar bakin ƙofa ya yi fitsari, yana kallon Athol ido cikin ido.

"Ni ma haka na ji," in ji Athol, ya tashi ya ɗauko ruwan khal.

Ya aro shingen waya na 'yan kwikwiyo wurin Bevan, ya kewaye kusurwar da ɗan fili kaɗan, ya sa ruwa da abinci a ciki. Da fili ya ƙuntata, tiren ya zama shi ne wurin da ya fi daɗin zama. Washegari da hantsi Cedric ya shiga, ya juya ya sa bayansa a bango, ya ja tsinken ingirici ya fara tauna, idanunsa suka yi nisa kamar mai tunanin duniya, wutsiya ta ɗan ɗaga. Athol ya miƙa masa ganyen na'a-na'a ta tsakanin waya.

Ba a tashi ɗaya aka gama ba. Yakan faɗaɗa shingen kaɗan, in aka yi ɓarna ya mayar da shi baya. Wata rana lafiya lau, wata rana a tarar da tafki a gaban talabijin ba dalili. Ƙwayoyin da suka warwatsu yakan tsince su ya mayar tire, yana yi yana yi wa zomon lacca a kan daulolin da suka rushe saboda rashin tsari. Tunda kuma sai ya yanka wa Cedric ganye safe da yamma, sai ya zama yana yanka wa kansa wani abu shi ma. Kwanonin coci suka fara komawa ga masu su. Feshin bango ya ragu, ya ragu, har wata rana ya lura ya kwana biyu bai goge bango ba. Silifas ɗinsa ma suka sami 'yanci.

Ƙarshen wata Narelle ta zo da tirela a bayan mota kamar yadda ta ce. Ya ji ta tsaya a baranda, ya san hanci take ja. Ta shigo. Falon na ƙamshin ingirici da ɗan tsamin khal. Shingen ya koma gidan Bevan. Cedric na zaune cikin tirensa a kusurwa yana tauna, bai ko ɗago ba.

Ta daɗe tana kallon kusurwar.

"Ina kujerar Mama?"

"Ɗakin baƙi."

"Ka cire kujerar Mama ka sa wa zomo masai a wurin?"

"Ke kika ce gidan na wari."

"Ban ce ka..." Ta zauna a doguwar kujera ta rufe fuska da hannu biyu. Tun ranar jana'iza bai ga ta yi kuka ba, ko a ranar ma cikin tsari ta yi shi, tana rarraba shayi. Ya tsaya a kanta bai san inda zai sa hannuwansa ba. Daga baya ya tafi kicin ya ɗora buta.

Da ya dawo da kofi biyu ta share fuska. Ta buɗe firji da ta je ɗauko madara, ya kuma san ta duba.

"Duk hanya ina shirya faɗan da za mu yi," in ji ta. "Na zata zan shigo in gan ta a wurinta. Ko da warin."

"Can ya zaɓa. Ba a gardama da su a kan wannan. Kakanki zai gaya miki."

"Kakana da zai gan ka yanzu, da ya sake mutuwa."

"Da ya fara tambayar nawa fatar za ta yi."

Ta yi 'yar dariya ta hanci. Cedric ya fito daga tire, ya zo ya shinshina takalminta, ya goga haɓarsa a kai, ya wuce.

"Ba za ka zo ba ke nan."

"Ba bana ba."

"Za ka riƙa ɗaukar waya in na kira. Ba sai ta yi ta ƙara ba kana kallonta."

"Zan ɗauka."

"Kuma Bevan zai riƙe makulli ɗaya."

"Gara a zo a duba ni."

"Baba."

"To. Ya riƙe."

Ta juya kofin a hannunta. "Tunda na jawo tirela har nan, ka ba ni kujerar. Ita dai doka ba ta hana ta tsallaka iyaka ba."

Ya so ya ce a'a. Ya tuna ta a ɗakin baƙi ƙarƙashin zanen gado, ƙofa a rufe. Ya ce ta ɗauka.

Bevan ya zo ya kama musu, yana nishi yana cewa shi aka raina, an ga bayansa ya riga ya lanƙwashe. Suka ɗora ta a tirela suka rufa bargo. Narelle na zagayawa da igiya, ta dafa hannun kujerar inda ya koɗe ya yi sulɓi.

"Mama takan ce shekara hamsin tana zaune a nan tana hira da bangon littafi," ta ce, tana murmushi, hancinta ya yi ja. "Wai ta fi sanin bayan littattafanka da fuskarka."

Bevan ya ƙyalƙyale. "Farfesa ke nan! Ko gobara ake sai ya kai ƙarshen shafi."

Athol ya buɗe baki. Ya dubi 'yarsa, ya dubi Bevan.

"Ki ƙara ɗaure ta baya," ya ce. "Akwai iska a kan tudu."

Ta ƙara ɗaurewa. Ta rungume shi da hannu ɗaya, ta shiga mota. Ya tsaya a bakin titi har koriyar kafaɗar kujerar da ta leƙo daga bargo ta sha kwana.

A falo rana ta karkato ta taga ta sauka a kusurwa, a kan ingirici da kunnen zomo. Ya zauna a kujerarsa ya ɗauki littafin da ke kan tebur ya buɗe. Wurin ba shi da haske, bai taɓa yi ba. Duk mai hankali da ke son karatu da kusa da taga zai kai kujerarsa. Shi ya ajiye ta a nan da hannunsa shekarar da suka sayi gidan, ya karkata ta daidai yadda in ya ɗaga littafi, saman shafin zai tsaya a ƙarƙashin haɓar Glenys. Ta kai tabarau uku a wannan kusurwar, gashinta ya tashi daga ja ya koma fari, tana ƙirga saƙa da leɓɓanta, ba ta taɓa tambayar abin da ya sa yake daɗewa a shafi ɗaya ba. Shi kuma yana ganin akwai lokaci.

Ba doguwar magana ba ce. Da ya sauke littafin sau ɗaya, wata yamma cikin dubban nan, da ya faɗe ta kafin shayi ya huce.

Glen, ba karatu nake yi ba.